Me ya sa kyamarar daji take ɗaukar ciyawa, ta bar gadu ya wuce?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da kyamarorin daji masu rahusa suka fara shigowa hannun mutane, ƙorafi ɗaya ke ta yawo a WhatsApp da Facebook, musamman daga manoman Alkaleri da Duguri a jihar Bauchi. Mutum ya ɗaura ta a bakin gona, bayan kwanaki ya zare katin memori, ya tarar da hotuna ba iyaka, duk na ciyawa. Ga kuma sawun gadu a gabanta, ya tone gyaɗa ya yi gaba abinsa. Sai ka ji ana cewa jabu ce, an cuce mu. Akwai jabun, babu musu. Amma yawancinsu lafiyarsu ƙalau, yadda take sanin dabba ta iso ne ba a fahimta ba.

[A nuna kwalin kyamara kusa.]

Bari mu sallami kwali tukuna. Kun ga an rubuta 48MP, wato megafiksil 48, ma'aunin girman hoto, da manyan baƙaƙe. Kada wannan ya ja ku. Abin da ke ɗaukar hoton a ciki ƙarami ne, a masu araha sau da yawa bai wuce megafiksil 2 zuwa 5 ba, manhaja ce ke hura hoton ya kumbura. Ku saita ta a ƙaramar lamba, kati zai fi daɗewa bai cika ba.

[A nuna fuskar kyamara, yatsa yana bin sassanta.]

Yanzu ku duba fuskarta. Wannan na tsakiya shi ne idon ɗaukar hoto. Waɗannan ƙananan ƙwayayen fitilun dare ne. To, wannan baƙar robar da ke ƙasa, wadda ba wanda ke kula ta, ita ce maganarmu ta yau. A takardar kyamara za ku ga an kira ta PIR.

Idon hoton nan barci yake yi kusan kullum, don kada batir ya ƙare. Wannan robar ce ke gadi, kuma zafi take ji. Duk abin da ke gabanta yana fitar da zafinsa: ƙasa, dutse, itace, jikin dabba. A bayan robar akwai ƙwayoyi biyu masu jin zafi, ita kuma robar an yanka ta gida-gida, ta raba filin da ke gabanta zuwa layuka. Idan wani abu da zafinsa ya bambanta da na bayansa ya tsallaka daga wannan layi zuwa wancan, ƙwaya ɗaya za ta riga ɗayar ji, nan take sai ta tashi kyamara. Sharaɗi biyu ke nan, kuma sai sun haɗu: a samu bambancin zafi, a samu tsallakawa.

Ku ɗora wannan a kan yanayin Bauchi. A watan Maris da Afrilu, da rana tsaka zafi yakan doshi digiri 40, ƙasa da duwatsu kuwa sun fi haka. Jikin dabba irin su gadu ko mazo yana wajen digiri 38 zuwa 39. Da yamma, lokacin da ƙasa ta fara hucewa ta zo daidai da zafin fatar dabbar, a wajen wannan na'ura dabbar ta zama farar kaza a gindin farin bango. Za ta wuce, kyamara ba ta ko farka ba. Shi ya sa damo da guza suka fi kowa tsere mata, don jikinsu zafin wurin da suke yake ɗauka.

Ciyawar fa? Rana ta gasa ta, bayanta kuma inuwa ce mai sanyi. Iska ta kaɗa ta hagu da dama. Bambancin zafi ya samu, tsallakawa ta samu. Kyamara ta yi daidai abin da aka ƙera ta ta yi. Haka reshen da ke lilo a gabanta, haka inuwar gajimare idan ta gifta kan dutse mai zafi.

[Hotunan ciyawa suna wucewa da sauri, ɗaya bayan ɗaya.]

Ku kalli agogon da ke ƙasan hotunan nan. Daga hantsi ne zuwa la'asar, da rana ta faɗi sai suka tsaya. Duk wanda ya ga haka a katinsa, ya ɗauki lauje ya share gaban kyamara, ba sai ya koma wajen mai shago da faɗa ba.

A lokacin hunturu kuwa, Disamba da Janairu, dare ya yi sanyi, jikin dabba ya fita sarai. Kyamarar da aka tsine wa a bazara ita ce za ta kamo beguwa daga nesa. Ƙurar hunturu kawai za ku riƙa gogewa da tsumma mai laushi, a idon hoto da kuma robar.

Ga abin da na fi so ku riƙe. Mutane suna ɗaura ta tana kallon hanyar dabba kai tsaye, wai don ta ɗauki fuska. Dabbar da ta nufo kyamara sak tana cikin layi ɗaya ne, ba ta tsallaka komai ba, sai ta zo dab sannan a ji ta. Idan kuma kun kafa ta a gefen hanya tana kallon gicciye, za ta ji da wuri, amma mai araha tana iya ɗaukar rabin daƙiƙa ko fiye kafin ta danna, sai ku sami wutsiya kaɗai. Mafita ita ce a karkace: ku ja baya mita 3 zuwa 5 daga hanyar, ku sa ta kalle ta a kaikaice. Dabbar na tsallaka layukan, kuma tana daɗewa a cikin hoto.

[A nuna ana ɗaura kyamara a jikin itace.]

Tsayi kuma, ku bi ƙirjin dabbar da kuke nema. Gadu da beguwa, daidai gwiwa. Gwanki ko ɓauna, daidai ƙugu. Wanda ya ɗaura ta a tsayin kansa yana gadin iska ne. Ta fuskanci arewa ko kudu, kada ta kalli gabas ko yamma, don fitowar rana da faɗuwarta suna ruɗa ta, suna kuma wanke hoton. Itacen ya zama mai kauri, wanda iska ba ta girgiza shi.

Kafin ku kai ta daji, ku gwada ta a tsakar gida. Akwai maɓallin gwaji, galibi tsakanin na kashewa da na kunnawa, ƙaramar fitila tana ƙiftawa duk sanda ta ji ku. Ku auna mita 5, 10, 15, ku sa alama da dutse. Ku gifta a kowace alama da azahar, ku sake bayan isha'i. Za ku ga da idonku yadda mita 20 ɗin da aka rubuta a kwali ke raguwa da rana. Sannan ku durƙusa ku rarrafa ta gabanta, tunda gadu ba a tsaye yake tafiya ba. Yaran gida za su sha dariya, ku bar su, ai su ma za su so su gwada. A wajena, wannan gwajin ne ke raba kyamarar kirki da ta banza. Wadda ta kasa jin mutum a mita 10 cikin sanyin dare, ku mayar da ita.

Sauran da sauri. Fitilun dare iri biyu ne, da lamba ake bambanta su: 850 tana ɗan ja idan ta haska, amma ta fi kai nesa, 940 ba a ganinta, hotonta ya fi duhu. Inda ake tsoron ɓarawo, 940. Batir AA guda 8 yawancinsu ke ci, kuma bidiyon dare ne ke cinye shi, don haka ku sa ta hoto uku a jere. Batura masu caji volt 1.2 suke bayarwa maimakon volt 1.5, wasu kyamarorin sai su nuna batir ya ƙare alhali bai ƙare ba. Katin memori na 32GB ya isa, ku goge shi a cikin kyamarar kanta, ku kuma saita kwanan wata da lokaci, don sanin ƙarfe nawa dabba ke zuwa shi ne rabin amfanin hoton. Ku duba robar bakin murfi saboda damina da tururuwa. Lokacin ƙona daji, ku cire kyamarar.

[Hoton ƙofar Yankari ta Mainamaji.]

Magana ɗaya ga maƙwabtan Yankari. An keɓe dajin nan tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya. Farauta a cikinsa haramun ce a doka, kuma kada kowa ya shiga ya ɗaura kyamara ba da izinin hukumar dajin ba. Haka dajin Sumu da ke Ganjuwa, haka dajin Lame-Burra. Ina roƙon ku, wannan na'ura ta zama ta sanin wace dabba ce ke shigo muku gona, ta wace kusurwa, a wane lokaci, don ku yi gadi inda ya dace maimakon zuba guba ko kafa tarko. Idan giwa kuka gani a kati, ku kai wa ma'aikatan dajin hoton da lokacinsa. Kuma ku sanar da mai unguwa da makiyayan da ke bin burtalin wurin cewa kun ɗaura kyamara, don mutanen da ke wucewa ma za ta ɗauke su.