Yadda ake saita eriyar cikin ɗaki ta kama tashoshi tar

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau eriyar cikin ɗaki za mu taɓa, musamman don 'yan haya da mai gida ya hana su kafa ƙarfe a kan rufi. Jona dikoda da talabijin kowa ya iya, ba zan ɓata muku lokaci a nan ba.

Tun da aka fara komawa dijital, Jos a 2016, Kaduna a 2017, matsalar ta sauya salo. A da in sigina ya yi rauni, hoto zai yi ta yayyafi amma kana gane mai karanta labarai. Yanzu da tsarin DVB-T2, wanda FreeTV da StarTimes da GOtv ke kai, ko hoto ya fito tar, ko ya daskare ya farfashe, ko allo ya yi baƙi ƙirin. Don haka kada ka saita eriya da kallon hoto.

Ɗauki rimot ka shiga menu, wajen neman tashoshi... a'a, ba wannan ba, koma baya. Yauwa. Kai ƙanina, matso da wayar su gani. Layi biyu ne nan: na sama ƙarfin sigina, na ƙasa ingancinsa. Na ƙasan za ka zuba wa ido. Na sama zai iya cika fal, amma in na ƙasa yana rawa, hoto sai ya daskare.

To, ina za a ajiye ta? Leƙa waje ka ga inda eriyoyin maƙwabta suka fuskanta, can tashar take. Nemi tagar da ke wannan ɓangaren, ka ɗaga eriyar sama, amma kada ka kai ta dab da rufin kwano, kwano tare sigina yake yi. Haka ragar sauro ta ƙarfe. Bayan talabijin kuwa, inda kowa ke son ɓoye ta don kwalliya, nan ne wuri mafi muni. Sannan a hankali ake matsawa. Tsawon zangon siginar UHF, wato irin siginar da tashoshin dijital ɗin nan ke watsawa, wajen rabin mita ne, shi ya sa taƙi ɗaya kawai yana iya canza komai. Matsa kaɗan, cire hannunka, ja baya, ka ƙirga biyar, don dikoda ba ya nunawa nan take. Kun ga ya hau? Gwada ta a tsaye, gwada ta a kwance, wadda ta fi ka bar ta a haka.

Masu eriya irin wannan mai ƙaho biyu, kada ku zuƙe ƙahonnin har ƙarshe. Dogayen na VHF ne, wata siginar da zangonta ya fi na UHF tsawo. In UHF kake nema, zoben nan na tsakiya ke aiki, ƙahonnin kuma ka mayar da su kamar santimita 15 kowanne.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu: kan waya, wato ɗan ƙarfen da ake murɗawa a ƙarshen wayar eriya. Yawancin eriyoyin da ake kawo min shago wai sun lalace, lafiyarsu ƙalau, kan wayar ne. Ni waya mai kauri da ake kira RG6 nake amfani da ita, siririyar da ke zuwa cikin kwali ba ta yi min ba. Ka sa reza ka zagaye baƙar robar waje, kamar santimita ɗaya da rabi, kada ka danna. Zare ta. Ka ga wannan gashin mai kama da azurfa? Kada ka yanke shi, mayar da shi baya duka ya kwanta a jikin roba. Sai ka yanke farar robar ciki, ka bar ɗan kaɗan, jan ƙarfen tsakiya ya fito. To duba da kyau, kai shi wajen haske ma: ko silin gashi ɗaya ya taɓa jan ƙarfen nan, sigina ya tafi. Ɗaya tak! Ga shi ma wani ya naɗe a nan, kun gani? Bari in cire shi da farce. Sai ka murɗa kan a kai har farar robar ta zo daidai bakin ramin, jan ƙarfen ya ɗan leƙo waje. Kuma kada ka haɗa waya biyu da salatif, sayi guda mai tsawon da kake buƙata. Akwai ta a shagona, ko yadi nawa kake so za a yanka maka, a ɗaura maka kan kyauta.

Maganar busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina. In eriyarka mai busta ce, tana son wuta, ko ta USB ko ka kunna mata 5V daga menu na dikoda. In ba ta da shi, kashe wannan wurin. Amma fa busta abin da eriya ta kamo yake ƙarawa, har da hayaniyar. In kana kusa da tasha ma yana iya yi wa dikoda yawa, hoto ya ɓace. Wuri tukuna, waya tukuna, busta daga ƙarshe. Eriyoyin da ake rubuta 4K da manyan baƙi a kwalinsu kuwa, kasuwanci ne, eriya ba ta san dijital ko analog ba.

Akwai wata Hajiya da ta ce kullum da magariba hotonta ke daskarewa, da rana lafiya lau. Da muka je, ashe ƙwan LED ne mai araha a saman talabijin, ana kunna shi layin inganci ya faɗi. Caja marar kyau da inbata ma suna yin haka, sai ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya kana kallon layin.

In ka samu wurin da layin ya tsaya cak, manne eriyar a nan kada yara su ture ta, sannan ka sake neman tashoshi daga farko, don waɗanda ba su shigo ba ɗazu su shigo. Darasi na gaba za mu hau rufi mu ɗaura ta waje. Sai an jima.