Haruffa 26 da ke ceton ƙwayar halitta idan aiki ya yi mata yawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai, da sauran jama'a da kuka daure kuka zo duk da wannan rana, barkanku da zuwa. Tambaya ɗaya na zo da ita yau: me ƙwayar halitta take yi idan aiki ya fi ƙarfinta?

Bari mu ɗan shimfiɗa tushe saboda waɗanda ba fannin su ba ne. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai DNA, inda aka rubuta umarnin ƙera furotin. DNA ba ya fita daga cibiyar ƙwayar. Sai a kwafo ɓangaren da ake buƙata a matsayin RNA, wanda ake kira mRNA, ɗan aike ke nan. Shi ne yake fita ya sami ribosom, na'urar da ke ƙera furotin, ita kuma ta karanta shi haruffa uku-uku, kowane uku suna nufin amino asid guda, wato tubalin da ake gina furotin da shi, tana jera su har su zama dogon zare. Ku riƙe maganar uku-ukun nan, za mu dawo kanta. Zaren kuwa ba ya da amfani sai ya naɗe daidai siffar da aka tsara masa. Furotin da za a fitar wajen ƙwayar, kamar insulin ko garkuwar da jiki ke harba wa cuta, ana naɗe su ne a wani sashe da masana ke taƙaita sunansa da ER.

Ku ɗauki shagon tela ana saura kwana uku Sallah. Yadi na ta shigowa, ɗinkin da ba a gama ba ya taru a kan benci, wani an haɗa hannu a baibai. Tela mai hankali zai ce a daina karɓar sabon aiki, ya aika a kira masa ƙarin yara, wanda ya lalace kuma a warware shi. To haka ƙwayar halitta take yi idan zazzaɓi, ko ƙarancin iskar oksijin, ko cutar bairos suka sa furotin ya taru bai naɗu ba. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, ta yaya labarin ke fita daga cikin ER ya isa cibiya?

Mutum biyu ne suka warware wannan, kuma ba tare suka yi aiki ba, kusan ma tsere suke yi. Peter Walter, haifaffen Jamus wanda a lokacin yake Jami'ar Kalifoniya a San Francisco, da Kazutoshi Mori, ɗan Japan wanda a lokacin yake aiki a Texas kafin ya koma Kyoto. A 1993 kowannensu ya gano, a cikin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, wani furotin mai suna IRE1. Yana tsaye ne a jikin bangon ER, kansa a ciki, ƙafarsa a waje. Kan yana jin an samu cunkoso, ƙafar tana isar da saƙo.

Yadda take isar da shi ne ya ba kowa mamaki, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Daga 1996 zuwa gaba ɗakin binciken Walter ya nuna cewa akwai wani mRNA mai suna HAC1 da ke zaune a wajen cibiya, an riga an kwafo shi, amma an hana shi aiki. Da zarar matsi ya zo, sai a yanke wani yanki daga tsakiyarsa a haɗe bakin biyu. Carmela Sidrauski, wadda ɗaliba ce a wurin a lokacin, ita ce ta nuna cewa IRE1 da kansa ne almakashin. Kafin nan abin da aka sani shi ne ana gyaran mRNA a cikin cibiya, da wata babbar na'ura ta musamman. Wannan kuwa a waje ake yin sa, nan take.

A jikin ɗan Adam, takwaran HAC1 shi ne XBP1, kuma ɗakin binciken Mori ya bayyana yankansa a 2001. Haruffa 26 kacal ake cirewa. Ku lissafa da ni: uku sau takwas 24, saura 2. Da 24 aka cire, ko 27, da ribosom ta ci gaba da karatunta a kan layi, furotin ya ɗan gajarce kawai. Amma da yake 26 ba ta rabuwa gida uku, duk abin da ya biyo bayan yankan sai ya goce, a haɗa haruffa da sababbin maƙwabta, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Saƙon da a da yake haifar da gajeren furotin mara ƙarfi, yanzu ya haifar da dogo wanda zai shiga cibiya ya kunna ɗimbin umarni: a ƙara masu taya naɗi, a faɗaɗa ER, a kwashe abin da ya lalace. Ni dai a duk abin da na karanta a wannan fanni, ban ga abin da ya kai wannan kyawun tsari ba. Ba a jira a kwafo sabon saƙo ba, an ajiye shi ne tun kafin a shiga matsala. A 2014 aka ba Walter da Mori lambar yabo ta Lasker a kan wannan aiki, kuma sun cancanta.

Saura dakatar da sabon aiki. Wannan aikin PERK ne, wanda ɗakin binciken David Ron a New York ya bayyana a 1999. Yana liƙa wani sinadari, fosfet, a jikin wani furotin mai suna eIF2, wanda sai da shi ribosom take fara karatu, sai ƙera furotin ya ragu sosai a duk faɗin ƙwayar. Amma akwai 'yan saƙonni, irin su ATF4, da aka gina su ta yadda a lokacin da aka tsayar da saura ne su suke samun karatu. Idan kuma matsin ya ƙi wucewa, wannan hanya dai ita ce take kunna wani furotin mai suna CHOP, ƙwayar ta kashe kanta don kada ta cutar da na kusa da ita. Kada ku ɗauka wannan labarin ɗakin gwaji ne kawai. Yaron da ya gaji PERK da ya lalace daga uwa da uba yakan kamu da ciwon suga tun yana jariri, domin ƙwayoyin da ke yin insulin ba sa iya tsagaitawa, aiki ya cinye su. Ana kiran cutar Wolcott-Rallison, ba ta da yawa, kuma an fi ganinta inda ake auren zumunci.

Yanzu ga inda maganar ta iso gidanmu. PERK yana da 'yan uwa uku masu taɓa eIF2 ɗin nan: GCN2 yana lura da ƙarancin amino asid, PKR yana lura da bairos, sai HRI da ke cikin ƙwayoyin da za su zama jan jini. Jane-Jane Chen ta MIT ta shafe shekaru da dama a kansa. Aikinsa shi ne, idan sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke cikin jini, ya yi ƙaranci, ya rage ƙera zaren himogulobin, furotin ɗin da ke riƙe ayon ya ɗauki oksijin a jini, don kada ya taru ba abin da zai riƙe. A 2018 masu bincike a ƙarƙashin Gerd Blobel, a asibitin yara na Philadelphia, suka gano cewa idan aka rage HRI a ƙwayoyin jinin mutum da aka raina a ɗakin gwaji, himogulobin irin na jarirai yana ƙaruwa, lanƙwasar ƙwayoyin sikila kuma tana raguwa. Wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila yana kukan ciwon ƙashi ya san nauyin wannan jimla, kuma babu ƙasar da ake haihuwar masu sikila kamar Najeriya. Wannan himogulobin na jarirai shi ne dai maganin hydroxyurea yake ƙarawa.

Sai dai ina roƙonku, musamman 'yan jarida da ke nan, kada a fita a ce an samo magani. Gwaji ne a kan ƙwayoyi a cikin faranti. Kuma binciken Chen ya nuna cewa ɓerayen da ba su da HRI suna lafiya lau idan ayon ya wadata, amma da an rage musu shi a abinci sai su faɗa matsanancin ƙarancin jini. A wurinmu, inda ƙarancin ayon ya yi katutu a tsakanin mata da ƙananan yara, duk wanda zai kawo maganin da ke danne HRI dole ya fara amsa wannan tambaya, kuma zai fi kyau a ce da jinin mutanenmu da masananmu aka yi gwajin.

A nan zan dakata. Malam shugaban zama, idan ka ba da izini, sai mu karɓi tambayoyi.