Ta'aziyyar Mama, Maƙwabciyarmu ta Bolari

Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa, ina gaishe ku da zuwa cikin wannan sanyi na Manchester.

An ba ni 'yan mintuna in yi magana a kan Mama, mahaifiyar Yayarmu da ke zaune nan gaba. Ni Musulmi ne, Mama kuwa Kirista ce 'yar cocin ECWA, amma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Bolari, cikin garin Gombe. Tun ana kiran wurin Jihar Bauchi, kafin a ba mu tamu jihar a 1996, muke cin tuwon gidanta.

Daga Kaltungo aure ya kawo ta. Tangale ce, amma da Hausa take addu'a, da Hausa take waƙa. Ta kan ce ba ta yi nisa a boko ba, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ta ƙware a karatu, wanda aka fara bugawa cikakke tun 1932. Nata bangon ya yage, ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. Da asuba, ladan na kiran sallah, Babanmu na alwala, mu kuma muna jiyo muryarta ta bayan katanga tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji. Wata rana na kasa kunne, sai na ji sunana a cikinsu. Ina shirin jarrabawa a lokacin. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Wanda ya san Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ya san Mama. In ta ɗaura zanen Zumunta ta rungumi tulu tana bugawa, sai ka ce yarinya. Amma ni abin da na fi riƙewa shi ne lokacin da Innarmu ta kwanta ciwo cikin azumi. Wata guda cur Mama ce ke dama mana kunun buɗa-baki, ta soya ƙosai, ta turo Yaya da kwano kafin magariba. Ba ta taɓa makara ba, ita da ba azumin take yi ba. Da Kirsimeti shinkafarta ta zaga layi, da Babbar Sallah cinyar ragonmu tata ce.

Yaya, na san abin da ke cin ranki. A waya kika kalli jana'izar mahaifiyarki, hoto na ɗaukewa yana dawowa, aka kai ta Kaltungo aka sa ta a ƙasa babu ke. Da yawanmu a ɗakin nan mun ɗanɗani wannan, zafin zama a ƙasar wani ke nan. Kada ki ɗora wa kanki laifi. Kuɗin maganinta daga guminki ya fito, kuma ita da bakinta ta gaya wa Innarmu cewa 'yarta ta rufa mata asiri. Ta rayu tana da begen tashin matattu, ta tafi a kansa, ke ma a kansa ta rene ki. Allah ya ba ki haƙuri, ke da ƙannenki da jikokinta.

Ma'aji zai zaga da takardar gudummawa kafin mu tashi. Ranar Asabar kuma zaman makoki a gidan Yaya, fasto zai zo da ƙarfe 4 na yamma. Mu Musulmi ma za mu je, ni zan kawo kunu da ƙosai.