Sharhi: Idan yaro ya ƙi jinin jinsin da aka haife shi da shi

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Yamai. Akwai yaran da ke shiga ƙunci mai tsanani saboda zuciyarsu ba ta karɓi jinsin da aka haife su da shi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa ba sa yanke hukuncin cewa yaro na da wannan matsala sai ƙuncin ya kai wata 6 yana hana yaro karatu, barci ko shiga cikin tsara.

Kada a haɗa wannan da mata-maza, wato jaririn da al'aurarsa ba ta fito sarai ba. Shi a kai shi asibiti tun makon farko, don wani nau'in ciwon yana zubar da gishirin jiki har ya yi kisa.

A birnin Amstadam na Holan aka tsara hanyar da ƙasashe da dama suka bi: allurar tsayar da balaga, irin su triptorelin, da zarar alamun balaga sun soma, sinadarin jinsi (mai sauya siffar jiki zuwa ta ɗaya jinsin) a shekara 16, tiyatar sauya jinsi sai an kai 18. Allurar tana hana ƙwaƙwalwa aika saƙon balaga zuwa maraina ko ƙwan mace. Matsalar ita ce a daidai waɗannan shekarun ƙashi ke tara ƙarfinsa, kuma idan aka zarce zuwa sinadarin, haihuwa na iya gagara.

Shi ya sa Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 suka ja birki, suka sa jinyar zuciya a gaba. A Ingila, rahoton likitar yara Hilary Cass na Afrilun 2024 ya ce hujjojin amfanin allurar suna da rauni, aka kuma hana yin ta ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba sai a cikin bincike. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka kuwa suna ganin tana rage wa wasu matasa ƙunci. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Amma duk sun yarda cewa kafin balaga ba a ba yaro ko ƙwaya ɗaya. Aikin shi ne a zauna da shi, a duba ko akwai ciwon damuwa, tsangwama a makaranta ko wani cin zarafin da ya ɓoye.

Iyaye, bulala da gori ba sa cire wannan ƙunci, rufe bakin yaro kawai suke yi. A kula da ƙwayoyin sinadari na masu tallan magani a kasuwa, don na mata suna iya daskarar da jini a jijiya. In kuwa yaro ya ambaci kashe kansa, a ranar nan za a kai shi sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, kada a bar shi shi kaɗai.