Amsoshin Tambayoyinku: Kiɗa a Taron Kasuwanci

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Lokaci ya ja, wasiƙu kuma sun taru, bari mu shiga kai tsaye.

Wani ɗan'uwa daga kasuwar Mile 12 a Legas yana tambaya ko ya sa kiɗa a taron dillalan tumatir. Haba malam! Wurin da sai an ɗaga murya ake jin juna? Bar mutane su ji farashi.

Wata Hajiya daga Obalende ta ce kiɗan da take sawa a taronsu na Zoom yankewa yake yi. Hajiya, manhajar ce ke ɗaukarsa hayaniya tana tace shi. Ki kashe kiɗan, ki huta.

To, ga wadda ta fi yawa, daga Agege, daga Idi-Araba, har daga Apapa. An kama ɗakin taro a otal a Ikeja, ga abokan hulɗa Yarbawa da Ibo, ga Alhazanmu. Mai shirya taro ya saki kiɗa, wasu na kaɗa kai, wasu sun ɗaure fuska. A sa ko a bari? Baƙonmu mai shirya taruka ne, Malam bismillah.

"To, ai kiɗa yana da tasiri ƙwarai. A wani bincike da aka wallafa a 1982, wani Ba'amurke, Ronald Milliman, ya gwada a babban kanti, ya ga idan kiɗa na tafiya a hankali, masu sayayya ma sukan rage sauri, ciniki ya ƙaru. Ni kaina ina son sarewa, ko garaya in an kaɗa ta a natse..."

Mun gode Malam, amma ka kai mu kanti, mu kuwa muna ɗakin taro. Ga nawa ra'ayin. Kafin ranar, ka tambayi manyan baƙinka, domin akwai wanda don addini ba ya zama inda ake kiɗa, kuma ba zai faɗa maka ba, sai dai ka ga bai dawo ba. Idan sun yarda, a sa lokacin da ake shigowa da lokacin shan shayi, ƙasa-ƙasa, kuma marar waƙa, saboda kalmomin mawaƙi suna gogayya da na mai magana a kunne. In mutum biyu a tebur ɗaya sai sun ɗaga murya, ya yi yawa. Da an zo addu'ar buɗe taro, ko an kira sallah, ko an fara maganar kuɗi, a kashe. Na maimaita: tambaya tukuna, marar waƙa, a kashe in an fara lissafi. Ku kuma matasa masu haɗa waya da lasifika ba ku tambayi kowa ba, ku daina.

Ta ƙarshe daga Lekki: ana biyan kuɗi? E, kiɗan wani a wurin kasuwanci yana buƙatar lasisi a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Ka tambayi otal ɗin ko suna da na MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin mallaka, kafin ka biya kuɗin ɗaki.

Injiniya na ɗaga mini hannu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.