Fiyano biyu a ƙasar baƙunta: Bartók da matarsa Ditta

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka, na gode da kuka samu zuwa.

Yau maganata a kan mata da miji ne 'yan ƙasar Hangari, Béla Bartók da Ditta Pásztory, waɗanda suka riƙa kaɗa fiyano tare a gaban jama'ar wasu ƙasashe. Sunan mijin ya cika duniya. Na matar kuwa sai an tona, kuma wannan yana damuna, domin kiɗan nan da hannu huɗu ake yin sa.

Bari in nuna muku wahalar abin tukuna. Mai goge yana iya shigar da sautinsa a hankali, ya lallaɓa ya tarar da abokinsa. Fiyano ba haka yake ba. Da ka danna, 'yar guduma ce a ciki take bugun tsirkiya, sauti ya fita nan take. In ɗaya ya riga ɗaya da ƙiftawar ido, har na kujerar baya sai ya ji. Ga shi kowa yana zaune a bakin nasa fiyanon, ba lalle ya ga yatsun ɗan'uwansa ba. Sai dai ɗaga kai, da jan numfashi, da sabo. Shi ya sa za ku ga masu wannan kiɗa yawanci 'yan gida ɗaya ne ko abokan karatu. A Hangari ɗin ma, Dezső Ránki ya yi shi da abokinsa Zoltán Kocsis, daga baya ya ci gaba da matarsa Edit Klukon.

To, Ditta ɗalibar Bartók ce a makarantar kiɗa ta Budapest. Sun yi aure a 1923, shi yana da shekara 42, ita ba ta cika 20 ba. A 1937 ya tsara wani kiɗa na fiyano biyu da makaɗan ganguna biyu, suka fara kaɗa shi a Basel ta ƙasar Suwizalan ranar 16 ga Janairun 1938. Ku saurari farkonsa in kun samu dama. Ganga ce take fara gurnani ƙasa-ƙasa, kamar hadari daga nesa, sannan fiyano ya shigo a hankali. Can gaba sai fiyanon ya koma kamar ganga, gangar kuma ta ɗauki amo kamar mai waƙa. Mu da muka tashi da jin kalangu yana magana, wannan ba zai zame mana baƙo ba. Mutumin nan har zane ya yi a takardar kiɗan, yana nuna inda za a ajiye kowane kaya a kan dandali.

Amma zamanin ya riga ya ɓaci. Tun daga 1933 bai sake yin wasa a Jamus ba, saboda ƙin mulkin Nazi. Mahaifiyarsa ta rasu a ƙarshen 1939, sai abin da yake riƙe shi a gida ya kau. A Oktoban 1940 suka yi wasan ban kwana a Budapest, suka kama hanyar Amurka, a Nuwamba kuma suka kaɗa kiɗan nan na fiyano biyu da ganguna a New York.

Nan fa suka ɗanɗani baƙunta. Jama'ar Amurka ba su yi tururuwa ba, gayyata ta yi ƙaranci, kuɗi ya yi wuya. Aikin da ya samu a Jami'ar Columbia, na rubuta waƙoƙin gargajiya na Sabiyawa da Kuroshiyawa daga faifai, shi ya ɗan rufa musu asiri. A Janairun 1943 suka hau dandalin Carnegie Hall da ƙungiyar makaɗa ta New York, Fritz Reiner, ɗan ƙasarsu, yana jagoranta. Daga wannan wasan Bartók bai sake kiɗa a bainar jama'a ba. Sankarar jini ta riga ta kama shi.

Yana kwance yana rubuta wa Ditta kiɗa na fiyano ɗaya da ƙungiyar makaɗa, kyautar ranar haihuwarta, abin da za ta iya kaɗawa ba tare da shi ba bayan ransa. Saura ɗan kaɗan ya gama ya rasu, ranar 26 ga Satumban 1945, abokinsa makaɗi Tibor Serly ya ƙarasa. Ditta ta koma Budapest a 1946, ta shafe shekaru ba ta fita kiɗa ba, sai a shekarun 1960 ta naɗi wannan kiɗa a faifai. Ta rasu a 1982. A 1988 'ya'yansa maza biyu suka ɗauko gawarsa daga Amurka, aka binne shi a maƙabartar Farkasréti ta Budapest, kusa da ita.