Tiya Nawa Bunsurunka Zai Sayo? Yadda Ake Karanta Kasuwar Mako

Assalamu alaikum manoma da makiyaya, da iyayenmu mata masu kiwo a cikin gida.

Duk mako akwai tambayar da ke yawo a waya tun da sanyin safiya: "Yaya kasuwa ta ci jiya?" Wannan ya ce masara ta hau, wancan ya ce ta faɗi, wani kuma ya ce shanu sun yi kwantai. Mai yiwuwa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, don ba kasuwa ɗaya suka ci ba. A wannan bidiyo ba farashin yau zan karanto muku ba, domin kafin ku gama kallo ya sauya. So nake mu duba yadda mutum zai ji labarin kasuwar mako, ya tsamo abin da zai amfane shi.

Mu fara da yadda makon yake zagayawa. Laraba ta Potiskum ce a Yobe, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Alhamis sai Maigatari a Jigawa, dab da iyakar Nijar. Juma'a karar Wudil, wato kasuwar shanunta. Lahadi kuwa rana ce mai nauyi: Mai'adua da Jibiya a Katsina, Illela a Sakkwato, Dambatta a Kano, Gujungu a Jigawa. Ita Dawanau, uwar kasuwannin hatsi da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, ba ta da ranar hutu.

Waɗannan kasuwanni tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya. Fataken da suka kwana a wannan su ne za ka gani gobe a waccan, kuma tirelolin da ke lodin shanu zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal suna bin ranakun ne ɗaya bayan ɗaya. Idan masu sayen Kudu ba su fito sosai ranar Laraba ba, dabbar da ta yi kwantai ba ɓacewa take yi ba, gaba ake yi da ita, ta je ta ƙara wa kasuwar Alhamis ko ta Juma'a nauyi. Saboda haka mai niyyar kai dabbarsa Wudil, labarin Potiskum da Maigatari ya shafe shi tun kafin ya kwance igiya.

To amma farashin da ka ji a waya ba shi ne naka ba. Nan ne mutane da yawa ke cutuwa. An ce maka buhu ya kai kaza. Wane buhu? A wurare da dama tiya 40 ake lissafawa buhu, kimanin kilo 100 ke nan na gero, amma kwanon wannan gari ba shi ne na wancan ba, mudun wani wuri ma bai fi rabin tiya ba. Akwai kuma mai sayen da zai zo da kwanon da aka buɗa wa ciki, ya cika shi har ya yi tozo. Sannan sabon hatsi ne ko tsoho? Masarar da ba ta gama bushewa ba dole a rage mata kuɗi, don mai saye ya san za ta rage nauyi. Dawa kaura ce ko farfara? Wake fari ne ko ja, manya ko ƙanana? Kowanne da kasuwarsa. Bayan duk wannan sai ka cire kuɗin mota, da na 'yan dako, da la'adar dillali, da kuɗin buhu, da harajin kasuwa, da abin da direba ke ajiyewa a shingayen hanya. Abin da ya saura shi ne farashinka. Sau da yawa idan ka gama cirewa, sai ka ga kasuwar garinku da ka raina ta fi maka riba.

Akwai kuma tambaya guda da nake roƙon kowa ya riƙa yi: kuɗin da aka faɗa maka, tayi ne ko sallamawa? Mai rago ya ce dubu kaza, an taya, ya ce albarka, ya koma gida da abinsa. Wannan ba ciniki ba ne. Amma shi ne adadin da zai fi yawo a gari, don ya fi daɗin faɗa.

Yanzu ga zuciyar maganar. Hatsi da dabba kamar guga biyu ne a kan igiya ɗaya, idan wannan ya hau wancan sauka yake. Da kaka hatsi ya cika kasuwa. Kowa ya girbe lokaci guda, kowa kuma da bashin taki da na 'yan ƙwadago a wuyansa, ga aure, ga kuɗin makaranta, sai a fito da kaya gaba ɗaya farashi ya karye. A daidai wannan lokaci dabba ta ƙoshi, ta ci ciyawar damina ta bi ta da karmami da harawa, jikinta ya yi kyau, tana da daraja. Idan aka shiga bazara sai al'amari ya juye. Rumbu ya fara ƙasa, ciyawa ta ƙare a daji, dusa ta yi tsada, dabba ta rame. Makiyayi da mai kiwon gida duk suna fitowa da dabba don su sayi abinci, a lokacin da abincin ke hawa. Daga Yuni zuwa Agusta, kafin gero ya nuna, nan ne wuya take kaiwa wuya.

Shi ya sa na ce kada ka auna kasuwa da naira kaɗai. Ga misali, kuma lissafi ne kawai, ba farashin wata kasuwa ba. A ce da kaka bunsurunka zai yi naira 40,000, tiyar gero kuma 1,000. Bunsuru guda, tiya 40, buhu cur. Wata bakwai bayan nan an taya irin wannan bunsuru 45,000. Za ka ce kasuwa ta yi kyau, an samu ƙarin 5,000. Amma tiya ta koma 1,500. Raba ka gani: tiya 30. Kuɗi sun ƙaru a hannu, abinci ya ragu da tiya 10 a tukunya, ba a ma sa dusar da ya ci a wata bakwai ɗin ba.

Wannan lissafi ba ni na ƙirƙiro shi ba. A Nijar, hukumomin da ke bin farashin kasuwanni, SIMA ta ɓangaren amfanin gona da SIM Bétail ta ɓangaren dabbobi, suna tattara farashi daga kasuwanni, kuma masu sa ido kan yunwa suna duba kilo nawa na gero kuɗin bunsuru guda zai saya. Idan adadin ya yi ƙasa sosai, sun san gidajen makiyaya sun shiga matsi tun kafin a ji kuka. Abin da jami'i ke yi da kwamfuta, kai ma za ka iya yin sa da ka.

Manomi shi ma yana da nasa ma'aunin: buhun masara nawa ke sayen buhun taki guda mai kilo 50? A 2024 hatsi ya yi tsadar da ta gigita kowa a Najeriya, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. A watan Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150. Da aka shiga 2025 sai farashin hatsi ya yi ta sauka, taki kuwa bai biyo shi ba. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, kuma wannan abin so ne. Amma manomin da ya noma da tsada ya sayar da araha, da wanda ya ci bashi ya tara kaya a sito yana jiran bazara ta ninka masa, sun ji a jikinsu. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ɗauka cewa "saya da kaka, sayar da bazara" doka ce da ba ta saɓawa. Takan saɓa, kuma idan ta saɓa mai bashi ne ke fara faɗuwa.

Abubuwan da ke karya lissafin yanayi yawanci ba daga gona suke fitowa ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, tazarar da ke tsakanin farashin ƙauye da na birni ta ƙara faɗi. A farkon 2023 ɗin, lokacin canjin takardun naira, kaya ɗaya ya zama da farashi biyu, na kuɗi hannu da na turawa ta waya, kuma mutanen karkara da dama sun karyar da kayansu don kawai su riƙe takardar kuɗi. A 2021 wasu jihohin Arewa maso Yamma, irin su Zamfara da Katsina, sun rufe kasuwannin dabbobi saboda matsalar 'yan bindiga. Mai akuya ya wayi gari ba inda zai kai ta.

Sai iyaka. Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram tun zamanin ayari kasuwarsu ɗaya: dabba ta gangaro kudu, hatsi da kayan masarufi su haura arewa. Duk abin da ya taɓa iyakar sai ya taɓa kasuwa. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, sannan gab da layyar 2025 ta dakatar da fitar da dabbobi. Ko iyaka a buɗe take, canjin kuɗi ma wata iyaka ce. Idan naira ta yi rauni a gaban sefa, ɗan kasuwar Maraɗi yana ganin hatsin Dawanau da sauƙi, sai ya zo ya saya da yawa, farashi ya ɗaga. Shi kuwa makiyayin Nijar sai ya ja baya da kawo dabba Maigatari ko Illela, don nairar da zai karɓa idan ya canza ba ta da auki. Don haka idan kana kusa da iyaka, ka riƙa tambayar 'yan canji kamar yadda kake tambayar dillalai.

Masu kiwon ragon layya, ku ma ga taku. Babbar Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2024 tsakiyar Yuni ta faɗo, a 2025 farkon Yuni, kuma haka za ta ci gaba da kutsawa cikin bazara da rani na shekaru masu zuwa. Ma'ana, watannin ƙarshe na kiwo suna faɗawa daidai lokacin da dusa da harawa da ƙaiƙayi suka fi tsada. Wanda bai tanadi harawarsa tun da kaka ba, ragon zai cinye ribar kafin a kai shi kasuwa. Balami da uda suna da girma, suna kuma jan kuɗi, amma cinsu ma da girma yake. Sannan jiran jajibiri caca ce. Wata shekara raguna su yi ƙaranci, mai jira ya ci riba. Wata shekara a cika kasuwa, masu saye ba kuɗi, ka ga bawan Allah da yamma yana sallamawa ƙasa da tayin da ya ƙi mako biyu da suka wuce. Abin ya fi yi mini ciwo idan na tuna yawancin ragunan nan mata ne suka yi wahalarsu a bayan ɗaki, ba su kuma ne ke tsayawa a gaban dillali ba.

Idan ka shiga kasuwa da kanka, idonka zai gaya maka abin da waya ba za ta faɗa ba. Ƙirga manyan motocin da ke jiran lodi. Duba su wa ke saye: 'yan sari ne da wakilan kamfanonin abincin kaji, ko masu awon tiya ɗaya biyu na tuwon dare? A kara kuma ka lura da irin dabbar da aka kawo. Bijimai da tsofaffin shanu, wannan kasuwa ce ta yau da kullum. Amma idan ka ga karsana da shanu masu ciki sun yi yawa, to makiyayi ya fara taɓa uwar garke, kuma ba ya yin haka sai ta kai masa maƙura.

Wanda ya yanke shawarar ajiye hatsi, ya tabbata ya bushe sarai. Wake musamman, ƙwari ba sa ɗaga masa ƙafa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe su ta hanyar hana iska shiga, ba sai an zuba magani ba. Ina roƙonku da Allah ku bar zuba fiya-fiya a abin da mutane za su ci. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma wanda ba a fitar ba, 'ya'yanmu ne ke cin sa.

Abu na ƙarshe, littafi. Na 'yan makaranta mai ganye 40 ya wadatar. Duk ranar kasuwarku ka rubuta kwanan wata, kuɗin tiyar gero da ta masara, kuɗin da aka sallama matsakaicin bunsuru ko rago, kuɗin buhun dusa, da na buhun taki. A gefe ka raba kuɗin bunsurun da kuɗin tiya, ka rubuta abin da ya fito. Idan boko bai samu ba, ajami ya isa. Idan shi ma babu, a kira yaro ɗan makaranta ya rubuta, kai kana faɗa masa. Ka fara daga kasuwar wannan makon.